Cibiyar Tayar Gaba: Abin da Ke Karya Katkat a Mashigin Gulbin Gabi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gabi a tsakiyar damina ya san inda hankalin direba yake tashi. Kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Ɗan Isa da Jibiya kowace mota tana bin ta. Sai an sauka daga kanta, an ratsa jigawa, an gangaro fadamar da Gulbin Gabi yake bi yana neman tafkin Madarunfa, a nan ake gane mota, ake gane direba. Ƙasar wurin iri biyu ce a cakuɗe: yashi mai zurmawa a tsakiyar gulbi, laka mai santsi a bakinsa. Mota ta kafe, samari su zo turi, kowa na cewa "ba ta wuta, ba ta wuta!" Direba ya sa ƙaramar giya, ya kulle duk abin da ake kullewa, ya murɗe sitiyari har ƙarshe don ya fita daga ramin da tayoyi suka haƙa, ya taka totur. Sai a ji ƙau! daga ƙafar gaba. Inji yana ta ruri, tayoyin baya suna feshin taɓo, ta gaba ɗaya kuwa ta tsaya cik.

Wannan ƙarar ce nake son mu bi sawunta, domin motocin da ke shiga irin wannan wuri ba na yawon shaƙatawa ba ne. Motar ɗaukar marasa lafiya ce da za ta kai mai naƙuda asibitin Madarunfa. Motar ma'aikatan lafiya ce, irin ta ƙungiyar likitocin MSF da ta yi shekaru tana kula da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro a wannan yanki, kuma zazzaɓin nan ya fi tsanani daidai lokacin da hanya ta fi lalacewa. Akwai motocin jami'an gandun daji masu shiga Babban Rafi, da na jami'an tsaro da ke sintiri a bakin iyaka tun da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, da a-kori-kurar 'yan kasuwa. Mafi yawansu Toyota ne, ko Land Cruiser ko Hilux, waɗanda a Nijar ake kira katkat. Idan cibiyar taya ta karye wa mai wasan mota a Turai ko Ostareliya, ranarsa ce ta ɓaci. A bakin gulbi da dare, da mara lafiya a baya, magana ce ta rai.

Sai mu fara da abin da ke cikin ƙafar motar. A Land Cruiser jerin 70, wadda Toyota ta fito da ita a 1984 kuma har yau ake ƙera ta, aksil ɗin gaba, wanda makanikan da suka koyi aiki da kalmomin Faransanci ke kira pon, doguwar ƙundu ce ta ƙarfe mai tulu a jiki. Daga tulun sandar ƙarfe take fitowa ta kowane gefe. Tunda tayar gaba ita ke karkata idan an juya sitiyari, dole sandar ta sami gwiwa. Gwiwar nan kwano ne na ƙarfe, a cikinsa keji mai riƙe da ƙwallaye 6, abin da ake kira Birfield da sunan kamfanin Ingila da ya shahara da ƙera shi, bisa dabarar da wani injiniyan Ford mai suna Alfred Rzeppa ya ƙirƙiro a shekarun 1920. Daga gwiwa, gajeriyar sanda mai haƙora ta ratsa cikin bututun da taya ke juyawa a kansa bisa boris guda 2, ta ɓullo waje. A can ƙarshe ne ake ɗaura ƙoƙon nan mai mamurɗi da kowa ke gani a tsakiyar taya, an rubuta FREE a gefe ɗaya, LOCK a ɗaya gefen. Shi ne karabo a bakin direbobi da yawa. Wani Ba'amurke, Arthur Warn, ya fara sayar da irinsa a 1948 don motocin Jeep da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na Toyota kuwa kamfanin Aisin ke yi. Aikinsa ɗaya: a kan hanya mai kyau ya raba taya da sanda don kayan gaba su huta, a mummunan wuri ya haɗa su. Duk ƙarfin da injin zai aika wa tayar gaba ta nan zai wuce, ta cikin zobe mai haƙora wanda bai kai tafin hannu ba, da kusoshi 6 masu kaurin milimita 8, da 'yan turaku 2.

Abin mamaki shi ne waɗannan ƙananan kaya suna iya yin shekaru ba su karye ba. Dalilin yana cikin tulun nan na jikin aksil.

Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya sani: idan aka kai ƙarshen kunya za a juya, san da ke waje sai ya yi doguwar tafiya, na ciki kuwa kusan a wuri ɗaya yake taka ƙafa. Haka tayoyin mota. Tsakanin tayar dama da ta hagu akwai kusan mita ɗaya da rabi, don haka idan mota ta yi cikakken zagaye, ta waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 9. Haƙoran da ke cikin tulu, wato difaransiyal, su ke ba kowace taya damar yin gudun da ya dace da ita. Amma suna da wata ɗabi'a: ƙarfin murɗawa daidai wa daida suke raba shi, kuma abin da tayar da ta fi rashin riƙo za ta iya ɗauka, shi ne iyakar abin da 'yar'uwarta za ta samu. Shi ya sa za ka ga katkat ta kafe, taya ɗaya tana ta wulwulawa a cikin taɓo, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. Direbobi suna tsine wa wannan ɗabi'a, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ita ce kuma ke kare cibiyar taya. Muddin ƙarfi yana da ƙofar zurarewa ta tayar da ke santsi, ba zai taru a wuri ɗaya har ya fasa ƙarfe ba.

Makullin difaransiyal wannan ƙofar yake rufewa. Ana samunsa tun daga masana'anta a wasu Land Cruiser jerin 70 da jerin 80, da mamurɗi kusa da sitiyari. Wasu kuma sukan sa na iska irin na kamfanin ARB na Ostareliya. Da zarar an kulle, tayoyin biyu sun zama kamar an ɗaure su a sanda guda. Ko ɗaya na rataye a sama, ɗayar za ta ja. Amfaninsa a fili yake, mota takan fita daga inda a da sai an kira shanu ko tarakta. Makulli kuwa bai ƙara wa injin ko doki ɗaya ba, bai kuma ƙara wa ƙarfe ƙwari ba. Abin da ya canja shi ne inda ƙarfin yake sauka.

Ga lissafin. Injin 1HZ, dizal mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ke cikin yawancin Land Cruiser na ƙungiyoyi da asibitoci tun 1990, ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, doki 130 ne ko kusa da haka. Amma idan aka sa giya ta ɗaya, aka tura ƙaramar giya zuwa L4, sannan haƙoran aksil suka ƙara nasu, ƙarfin murɗawar injin yakan ninku kusan sau 40 kafin ya kai taya. A ƙasa mai kyau tayoyi huɗu ke raba wannan kaya. A bakin gulbi, idan uku suna cikin santsi, ɗaya ta gaba ta dafe tsandauri ko saiwar itace, kuma an kulle gaba da baya, to kusan dukkan kayan a kanta zai sauka. Abin da aka tsara wa 'yan dako huɗu an ɗora wa ɗaya.

Ko da haka, sau da yawa ƙarfen yakan jure idan an bi shi a hankali. Abin da ya fi kashe shi fizga ce. Taya tana wulwulawa da gudu a sama ko a cikin taɓo, da nauyinta da na ƙarfen da ke tare da ita, sai motar ta yi tsalle ta sauko, tayar ta cafke ƙasa ta tsaya nan take, injin kuwa bai tsaya ba. Igiyar guga takan ɗauki guga cike shekara da shekaru, amma a saki gugan ya faɗa sannan a tare shi da ƙarfi, nan take za ta tsinke. Wannan tsalle-tsallen da mota ke yi a yashi idan an cika mata wuta, har mutanen baya suna cewa ta kusa fita, shi ne gargaɗi na ƙarshe.

Sai maganar sitiyari, wadda a ganina ita aka fi jahilta. Gwiwar Birfield tana da ƙarfinta ne idan taya tana miƙe. Da an karkata ta, ƙwallayen nan 6 sukan matso bakin kwano inda ƙarfen ya fi siranta, keji ya ɗauki matsi ta gefe. A murɗe sitiyari har ya daki ƙarshe, an kai gwiwar inda ta fi rauni. Ƙari a kan haka, gaba a kulle ba ta yarda tayar waje ta fi ta ciki gudu, sai sandunan biyu su riƙa murɗa juna tun kafin a taka totur, motar kuma ta ƙi lanƙwasa, direba ya ƙara murɗawa. In aka haɗa da ribas, abin ya ƙara muni, musamman idan gindin motar yana sama ko ana jan wata mota da baya-baya, domin nauyi yakan koma kan ƙafafun gaba, su riƙe ƙasa gam. Makulli, murɗaɗɗen sitiyari, wuta: duk inda ukun nan suka haɗu, ana jiran ƙara ne kawai. Toyota da kanta ta san haka. Mamurɗinta ba ya barin a kulle gaba sai an fara kulle baya, kuma littafin motar ya hana wuce kilomita 8 a awa muddin makulli yana ciki, ya kuma ce a saki da zarar an fita daga mummunan wurin. Nawa ne cikin direbobinmu aka taɓa karanta wa wannan shafi, ko da Faransanci balle da Hausa?

Akwai kurakurai biyu ƙanana da ke kai wa ga babbar ɓarna. Yaron mota ya sauka cikin ruwan sama ya murɗa karabo na dama ya manta na hagu, ko ya murɗa bai kai ƙarshe ba, haƙora suka kama rabi. A motar da ba ta da makulli, sakamakon kawai shi ne gaba ba za ta ja ba. A mai makulli, gefe ɗaya zai ɗauki komai, ko kuma rabin haƙori ya ɗauki aikin cikakke ya gutsure. Na biyu, tayoyin gwanjo masu bambancin girma a dama da hagu. Difaransiyal a buɗe yakan shanye bambancin ba wanda ya sani. A kulle, kowane juyi na taya murɗa ce a kan sanda. Masu sa manyan tayoyi fiye da 7.50R16 da motar ta zo da su ma su sani sun ƙara wa ƙasa tsawon hannu ne a kokawarta da cibiya.

Amma zan yi rashin adalci idan na ɗora wa direba laifin duka. Ruwa ba ya tsami banza, kuma cibiyar da ta karye a watan Agusta galibi tun Yuni ta fara mutuwa. Mota ta yi tafiya aksil ya yi zafi, ta faɗa ruwan gulbi mai sanyi, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta 'yar hudar numfashin aksil da ta bakin robobin da suka gaji. Ruwan damina kuwa ba shi kaɗai yake shiga ba, da yashi yake tafe. Giris ya koma kamar kunu, boris ya fara tsatsa. Ta ciki kuma, idan robar da ke tare man aksil ta lalace, man yakan kwararo cikin gwiwa ya narkar da baƙin giris ɗin da ke wurin, har ka ga yana ɗiga ta bayan taya. Boris da ya ci ya saki, taya ta fara rawa kaɗan, wannan rawar ta riƙa girgiza ƙoƙon karabo, notocinsa su sassauta. Kusa mai sako-sako ba ta jure murɗa. Dukanta ake yi kamar da guduma har ta gutsure, ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne aikin gareji yake shigowa, kuma abin yana ci mini rai domin gyaransa ba tsada. Ƙarƙashin kowane noti na karabo akwai ɗan zobe tsagagge mai siffar mazurari, wanda ke cusa kansa cikin rami ya riƙe ƙoƙon kada ya motsa ko kaɗan. Cire shi da wuya, sai an bubbuga da haƙuri. Saboda haka wani bakanike in ya sha wahalarsa sau ɗaya, sai ya jefar ya sa washa shimfiɗaɗɗe. Daga ranar ƙoƙon ya fara wasa. Manyan notocin da ke ɗaure boris kuwa suna da sifana tasu ta milimita 54, kuma ɗaurinsu da awo ne, kada ya yi tsauri boris ya ƙone, kada ya yi sako-sako taya ta yi rawa. A wurare da yawa da kurfi da guduma ake bugunsu, washan da ake lanƙwasawa ya riƙe su kuma a maimaita tsoho har kunnuwansa su karye. Makanikanmu suna da basira ƙwarai, mutanen da ke tayar da motar da Turawa suka yanke wa ƙauna. Abin da ya rage musu shi ne kayan aiki 'yan kaɗan da mai mota da zai yarda ya biya kuɗin aikin yini guda maimakon na awa ɗaya.

Kayan gyara su ma suna da nasu labari. Abin da babu a Maraɗi, a kan nemo shi daga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko a jira na gwanjo da ke biyo tashoshin ruwa na gaɓar teku. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, duk mai mota a wannan yanki ya ji a jikinsa. A irin wannan hali ne jabu ke cin kasuwa: kwali mai kyau, tambari kamar na gaske, ƙarfe kuwa ba a gasa shi yadda ya kamata ba. Ni dai da sabon da ban san asalinsa ba, gara tsohon Aisin na gaske da aka kwance, aka wanke, aka duba haƙoransa ɗaya-ɗaya.

Akwai wata muhawara da masu irin waɗannan motoci suka daɗe suna yi a ƙasashen da ake da kuɗin zaɓi, kuma ta shafe mu. Wasu sun ce tunda karabo da gwiwa ke karyewa, a sa waɗanda aka ƙera da ƙarfe mafi tauri, ko a cire karabo gaba ɗaya a ɗaura faranti mai haƙora wanda ke haɗe kullum, irin na jerin 80 masu jan ƙafa huɗu a kowane lokaci. Wasu suka ce a'a, ƙarfin da ya wuce kima dole ya sami abin da zai karya, in ka ƙarfafa na waje sai ya koma ciki. Ina tare da na biyun, saboda inda muke. Karabo yana waje, notoci kaɗan ne, direba da yaronsa za su iya canja shi a gindin gawo kafin shayi ya nuna. Gwiwa aikin awoyi ce da hannu cikin giris, amma ana yi a daji. Idan kuwa haƙoran cikin tulu suka zube, motar ta kwanta sai an nemo kaya daga birni da wanda ya iya saita su. Wanda ke aiki tsakanin Gabi da Babban Rafi, in dai dole wani abu ya karye, gara ya zama wanda ke cikin akwatin kayan aikinsa. Abin da na ƙi sam shi ne dabarar walda haƙoran difaransiyal na gaba don a sami makulli na dindindin a arha. Motar da aka yi wa haka ba ta da sauran ƙofar zurarewa, kuma duk ranar da aka kulle karabo biyu, sitiyarinta ya zama abin tsoro.

Masu sayen motocin nan, ofisoshi da ƙungiyoyi da ƙananan hukumomi, suna da kaso a wannan magana. A kan yi bikin miƙa makullin sabuwar motar asibiti, a ɗauki hoto, amma kasafin da zai sayi giris da robobi da boris kafin ruwan farko babu shi, horon yini biyu ga direba a bakin gulbi na gaske babu shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Mayu ne lokacin buɗe ƙafafun gaba, kuma duk motar da ta yi iyo a damina ta cancanci a sake dubawa kafin kaka. Littafin Toyota ya ce ko da rani a riƙa kulle karabo ana tafiyar kamar kilomita 16 a wata don mai ya zagaya kayan gaba. Bayan doguwar tafiya, a taɓa cibiyoyin biyu da bayan hannu. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi tana da magana. Jan tsatsa ko baƙin mai da ke fitowa daga gindin noti alama ce ta sassauci. Ƙas-ƙas-ƙas idan ana kwana da ƙafa huɗu, gwiwa ce ke kuka.

A mashigi kuwa, kafin a taɓa makulli akwai abubuwan da suka fi shi sauƙi: a sauka a taka wurin da ƙafa, a rage iskar taya a yashi, a sauke fasinja da kaya, a haƙe gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa rassa. In duk bai yi ba, a kulle baya. Gaba ita ce ta ƙarshe, kuma sai mota na tsaye ko tana rarrafe, tayoyi a miƙe, a jira fitilar da ke ƙiftawa ta tsaya, a ja a hankali ba tsalle, a saki da zarar an hau tudu.

In kuma ƙaddara ta riga fata aka ji ƙarar, a ɗaga ƙafa daga totur nan take. Idan karabo ne ko kusoshinsa, a mayar da gefe biyu FREE, ƙaramar giya ta koma H2, motar za ta tafi da ƙafafun baya da zarar an jawo ta waje. Idan gwiwa ce ta tarwatse, a gwada sitiyari a tsaye tukuna, domin gutsattsarin ƙarfe kan cije shi ana cikin tafiya. In ya cije, sai an buɗe an kwashe su, a toshe bakin aksil da tsumma mai tsabta kada mai ya zube. Wannan dabara ta Land Cruiser ce mai doguwar ƙundu. A Hilux na zamani guntun sandar waje shi ke riƙe da boris, kada a cire shi a tuƙa. Idan kuwa aka ɗaga motar da jak, aka kama taya sama da ƙasa aka ji tana girgiɗi, cibiya ta yi zafi tana wari, boris ne ya tafi. Wannan ba a lallaɓa shi zuwa Madarunfa, taya za ta iya fita da mutane a ciki. A nemo wata motar, ko babur, ko amalanke, a wuce da mara lafiya, a bar yaro da motar har gari ya waye.